Azumin Mai Agogo

Karo na uku ke nan ɗan sukurun yana kuɓuce wa hantsaki ya faɗa ƙarƙashin tebur. Mai Agogo ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa na dama, ya dubi hannunsa yana ta rawa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na gane ka, Shaiɗan. Cikin sunan Yesu, fice mini daga shago."

Shaiɗan dai bai ce uffan ba. Cikin Mai Agogo ne ya amsa, da wani dogon ƙugi da ya kusa danne ƙarar agogunan bango.

Yau kwanansa shida bai sa ƙwayar abinci a baki ba, sai ruwa, sai kuma shayi ba madara in rana ta faɗi. Alkawarin kwana bakwai ya ɗaukar wa Ubangiji saboda matarsa. Wata takwas ke nan da likita ya ce ciwon suga ne da ita, kuɗin magani kullum sama yake yi, shi kuwa shago ya mutu murus tun da duniya ta koma duba lokaci a waya. Agoguna tara ne rataye a bango, ya gyara su tsaf, masu su sun manta hanyar shagon. A ganinsa na dattijon coci mai shekara ashirin a kan kujera, ciwo da rashin ciniki ba sa haɗuwa a gida ɗaya haka kawai. Turo su aka yi. Tun da kuwa yaƙi aka kawo masa har ɗaka, shi ma ya ja ɗamara.

Ba wanda ya sani, don azumin da aka yi wa shela ya riga ya zube. Kullum sai ya shafa mai a fuska, ya fito yana murmushi. Ita kuwa matar tasa, Mama, ya ce mata mai shagon kusa da shi ne ya matsa masa da gayyatar cin abinci, kada ta wahalar da kanta. Ƙarya ce, ya sani, amma ya sa ta a layin dabarun yaƙi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Tun da ya fara, jikin Mama sai baya yake yi: jiri, zufa, rawar hannu. Ya fassara abin da cewa maƙiyi ya ji wuta ne yake shure-shure.

Yana durƙushe yana laluben sukurun wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabciyarsu ce.

"Baba, ka zo asibitin unguwa maza. Mama ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo."

Bai san sa'ad da ya ja ƙofar shagon ba. A bas bai sami wurin zama ba, ya riƙe ƙarfe yana addu'a, da fari a zuci, daga baya a fili. Ya ɗaure ruhun ciwo, ya ɗaure ruhun talauci, ya mayar da kowace kibiya inda ta fito. Wata mata mai kwandon tumatir ta riƙa tayawa da amin. Da direba ya taka birki sai ya tafi zai faɗi, kwandasta ya tare shi.

"Baba, ka zauna a nan kafin ka gama ɗaure su. Kai ma naka jikin yana neman ɗauri."

Ya tarar da ita a gado na ƙarshe, kusa da taga, an sa mata ƙarin ruwa. Idonta biyu. Ganin yadda ta ƙanƙance a cikin zanen asibiti ya sa tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a shekara talatin da huɗu na aurensu. Ya ɗora hannu a goshinta zai fara, sai ga nas ta iso da kati a hannu, 'yar da ba za ta girmi autarsu ba.

"Baba, kai ne maigidan? A dakata da addu'ar minti ɗaya. Yaushe rabonta da abinci?"

"Abinci? Ai kullum tana ci. Ni da idona nake ganin kwanonta a wanke."

"Ban tambayi kwano ba. Sugarta ce ta faɗi ƙasa warwas. Wannan ƙwayar da take sha, in ba abinci a ciki, ita da kanta za ta kayar da mutum. Da maƙwabciya ba ta gan ta da wuri ba, da yanzu wata maganar muke yi." Ta juya. "Mama, gaya masa abin da kika gaya mini."

Mama ta kafa wa silin ido, kamar an rubuta wani abu a can.

"Kwana biyar," ta ce.

"Kwana biyar me?"

"Ina azumi. Sai yamma nake ɗan taɓa wani abu."

Mai Agogo ya nemi kujera ya zauna.

"Ke? Da wannan ciwon? Wa ya aike ki?"

"Wanda ya aike ka."

"Ni? Ni wane azumi nake yi?"

"Haba Dattijo, a asibiti ma? Mai shagon kusa da kai da ko ruwa ba ya ba mutum sai an roƙa, shi ne zai ciyar da kai kwana shida? Ka ƙara huda a bel ɗinka da ƙusa, na ji ka a bayan ɗaki. Ga man da kake ta laftawa a fuska kamar za a soya ka. Tun ran farko na gane. Na ce wato wannan tsoho shi kaɗai zai tafi yaƙi, ni ina gida ina cin shinkafa?"

Nas ta rufe baki da kati, kafaɗunta na motsi.

"Kuma shinkafar ma ta kusa ƙasan buhu," Mama ta ƙara, muryarta ta sauka. "Na ga in mun haɗu mu biyu, za ta kai mu ƙarshen wata."

Wannan ce ta soke shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Kwana biyar yana ganin tana layi a tsakar gida, shi kuwa yana ƙara wa addu'a wuta, yana murna wai maƙiyi ya jigata.

"To, mayaƙa," in ji nas, "ni ga nawa umarnin. Ruwan nan ya tashe ta ne kawai, ba zai riƙe ta ba. Kafin in dawo ina so in ga ta ci wani abu mai nauyi. Akwai mai shayi a bakin ƙofa."

Ya fita ya juye aljihunsa, kuɗin motar komawa ya tafi a burodi da ƙwai biyu da kofin shayi. Ya dawo ya ja kujera, ya gutsuro burodin ya miƙa mata. Ta damƙe baki.

"Kai fa?"

"Ni ba ni da suga. Ci."

"In ka ci, in ci."

"Tsohuwa, kada ki yi mini haka. Yau shida. Gobe war haka saura 'yan sa'o'i in cika. Alkawari na yi, ba da mutum ba."

"To mu cika tare. Ni ma na iya alkawari."

Ya san wannan fuskar. Da ita ta hana shi sayar da keken ɗinkinta bara, da ita ta sa Fasto ya rage tsawon wa'azi. Ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, ya jawo mata ayoyi a kan biyayyar mace ga mijinta. Ta saurara har ya gama, ta gyara masa ɗaya da ya karanta ba daidai ba, ta sake rufe bakinta. Zufa ta fara tsattsafo mata a goshi.

Sai ya ajiye burodin a cinya, ya faɗi abin da ko a addu'a bai furta ba.

"Tsoro nake ji. Gani nake in na karya, wani abu ya same ki, ni ne na buɗe ƙofa. Ba ni da kuɗin babban asibiti, ba ni da kowa. Wannan yunwar kaɗai nake da ita da zan bayar."

Ta dube shi. Idonta ya ciko.

"Ubangijin da na sani ba ya karɓar miji a madadin mata," ta ce. "Ka dubi madubi kuwa? Ni ma tsoron da ya hana ni ci ke nan. In ka faɗi a shagon nan, wa zai gan ka? Agogo?"

Ya ɗauki burodin daga cinyarsa. Daga can ƙarshen ɗakin ana jin takun nas tana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya.

"Bari in yi addu'ar abinci," ya ce.

Ya rufe ido ya fara. Ya gode don burodi, ya gode don ƙwai, ya gode don kazar da ta saka shi. Ya shiga bayani, yana tuna wa Ubangiji cewa Shi shaida ne, kwana biyar da rabi an yi su cif, kuma ba kwaɗayi ne ya kawo wannan ba, a duba lamarin da idon rahama. Yana shirin komawa kan shugabannin ƙasa ta ce, "Amin."

"Ban gama ba."

"Ya ji. Shayi na hucewa."

Ya raba burodin biyu, ya tura mata babban. Ta musanya. Ya kai nasa baki, ya gatsa. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba.

Ta riƙe nata a hannu, ba ta kai baki ba tukuna, idonta a kan maƙogwaronsa.

"Haɗiye in gani," ta ce.