Motar da Ta Daina Bukatar Gangara

Gidanmu ne na ƙarshe a saman ƙauyen, shi ya sa motar take kwana a ƙofarmu, ba don muna ƙaunarta ba. Tsohuwar motar soja ce mai taya goma. Mahaifinmu ya saye ta a gwanjo tun ban san kaina ba, ya ɗora mata tankin ruwa, ta shayar da rabin ƙauyukan yankinmu na Akkar, ta kuma ɓata mini ƙofar gida da baƙin mai. Mutane suna kiranta Hajja, wai don ta tsufa kuma ba ta son a tashe ta da safe.

Ciwonta ɗaya ne, dainamo. Abin nan ba ya ba batir wuta sai mota tana gudu, Hajja kuwa yini take a tsaye tana zuba ruwa a rijiyoyin gidaje, ko tana rarrafe a kan dutse. Kafin gari ya waye batir ya mutu murus. Don haka kullum da yamma a hau da ita ƙofarmu, a juya hancinta ƙasa, a yi mata waigi da wani ƙaton dutse. Da safe a cire dutsen, ta gangara, ta yi tari, ta tashi.

Yayana Wafik ne ya tuƙa ta har ciwon sukari ya cinye masa idanu. Daga nan sitiyari ya koma hannun ƙaninsa Suhail, wanda shi ma yayana ne, ni ce auta. Matar Yaya Wafik ta rasu, ba su haihu ba, sai ya dawo wurina, ni da tandar burodina. Abin da ya rage masa a duniya shi ne dutsen nan. Shi yake buge shi da ƙarfe, ya ɗora shi a matakalar motar, ya kama ƙofa ya haye motar tana jan jiki. Shi kuma yake sauraron taya ya faɗi lokacin sakin kuloci. Daga nan ya yini a gefen Suhail yana gaya masa ramukan da ke hanya, har da waɗanda aka cike tun bara.

"Yanzu!" in ji shi kullum. "Na ce yanzu, kurma!"

"Na saki, Yaya."

"Ka saki bayan ta wuce masallaci. Da Baba yana raye da ya saka ka tuƙin jaki."

"Jakin ma da ya fi ta tashi da wuri."

Haka suke gaisawa. Ni dai ina bakin tanda ina shafa wa burodi za'atar, garin ganye da riɗi, ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya ina kwana ba.

Wata safiya aka kwana ana ruwa, matakala ta yi santsi. Yaya Wafik ya buge dutsen, ya miƙa hannu neman ƙofa, ya kama iska. Ya faɗi rigingine, Hajja ta ci gaba da tafiyarta, tayoyin baya suka bi ta kan takalminsa na hagu. Allah ya sa ƙafar ta riga ta fita daga ciki. Na jefar da burodi a wuta na ruga. Na same shi kwance a laka, kansa bai kai taku ɗaya daga sawun taya ba, yana ihu.

"Yanzu! Sakarai, yanzu!"

Suhail ya tsayar da motar can ƙasa ya hauro da gudu, fuskarsa kamar an yayyafa mata gari. Ya ɗauki takalmin da ya zama faifai ya tsaya yana kallonsa. Ranar ko gahawarsa bai sha ba.

Ranar Juma'a Nazih, ɗan Suhail, ya zo daga Tarabulus, babban birnin da ke kusa da mu, inda yake gyaran wayoyi. Aka zauna cin abinci, ya ajiye wayarsa tsakanin zaitun da labna, kindirmonmu mai kauri, ya ce akwai magani. Sunansa altaneta. A cire dainamo a sa shi, yana ba batir wuta ko mota tana tsaye a sulo, da safe a murɗa mukulli kawai. Akwai masu sayar da rarar kayan soja a intanet, rumbuna guda, abin da sojoji suka ajiye suka manta.

"Baffa, ba dutse, ba gangara," in ji Nazih, yana murna kamar ya kawo albishir. "Baba ma sai ya riƙa ajiye ta a ƙofar gidansa, kusa da ruwa."

Yaya Wafik ya ci gaba da tauna.

"Waye mai kayan?"

"Wani ne a Amurka."

"Ɗan gidan wa?"

"Baffa, ban san ubansa ba. Amma yana da taurari biyar."

"Janar ne?"

Nazih ya yi bayanin cewa taurarin yabo ne na masu saye, Yaya Wafik ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya miƙa hannu neman gishiri ya tsoma shi cikin shayina.

Ni na fahimci abin da ake yi, Suhail ma ya fahimta, shi ya sa ya ƙi ɗaga ido daga kwanonsa. Ana so a ceci ran mutum ne ta hanyar ƙwace masa dalilin fita daga gida. Na so in yi magana, sai na tuna takalmin, na fasa. Har yau ban san wanne ne daidai ba, kuma raina yana ɓaci idan wani ya nuna shi ya sani.

Kaya na farko ya iso a kwali mai kyau, yana ƙyalli. Suhail ya buɗe bonat, ya gwada, ya karanta jikinsa, ya sake karantawa. Na ƙaramar mota ne, wuta sha biyu, Hajja kuwa ashirin da huɗu take ci kamar kowace motar soja. Nazih ya duba hoto ne bai duba rubutu ba. Ban taɓa ganin Yaya Wafik cikin nishaɗi irin na makon nan ba. Ya sa aka ajiye masa abin a gefen kujera, duk wanda ya zo sayen burodi sai ya ba shi ya ɗaga.

"Ji nauyinsa. Daga Janar. Ka gaishe shi, ya sha hanya."

A ƙarshe ni na gaje shi, ina danne murfin tulun zaitun da shi, kuma yana aikin nan ba laifi.

Na biyun ya daɗe bai zo ba, har muka fara sa rai ya ɓace. Sai ga shi a akwatin katako, naɗe da takarda mai maiƙo, koren soja, bai taɓa shiga mota ba tun da aka ƙera shi. Suka kwashe yini a kansa, uba da ɗa, wayar tana jingine a gilashi, wani mai gemu a cikinta yana nuna musu yadda ya yi wa tasa motar a wani fili mai ciyawa. Ƙarfen da zai riƙe shi bai hau ba sai da maƙeri ya huda sabon rami. Fambel ya yi gajere aka sauka gari neman wani. Yaya Wafik yana zaune a kujerarsa, duk abin da ya faɗi ƙasa sai ya faɗi sunansa da lambarsa, ba wanda ya tambaye shi.

Washegari Suhail ya hau, dutsen yana nan a ƙarƙashin taya, ya murɗa mukulli. Hajja ta tashi bugu ɗaya, har da wani siririn fito da ba mu san ta da shi ba. Maƙwabta suka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Yaya Wafik yana tsaye da ƙarfensa a hannu.

"Hau mana, Yaya," in ji Suhail. "Ga ta a tsaye, hau a hankali."

"In yi me?"

"Ka zauna. Kamar kullum."

"Ni buhun siminti ne? Tafi, mutane na jiran ruwa."

Daga ranar motar ta koma kwana a ƙasa, ƙofar gidan Suhail. Ƙofata ta yi fes, na wanke man da na yi shekara da shekaru ina zagi, ban ji daɗin komai ba. Suhail yakan hauro ya yi hon, Yaya Wafik ya aiko ni in ce yana barci, alhali yana zaune da hularsa. Ya rage cin abinci. Ya daina zagin kowa, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, don mutumin da ya ce mini na gode sau biyu a yini ɗaya ba yayana ba ne.

Na sauka na sami Suhail a bakin ruwa na wanke shi tas. Na ce ya zaɓa, ko taya ta kashe masa ɗan'uwa ko kujera. Ya ce in faɗa masa wanne na zaɓa ni. Na ce ni mai burodi ce.

Da yammar nan sai ga Hajja tana haurowa. Suhail ya juya hancinta ƙasa, ya sa dutse, ya shigo yana share hannu, yana magana da ƙarfi kamar mai karanta sanarwa.

"Kayan Janar ya mutu, Yaya. Ba ya ba da wuta ko kaɗan. Kai ka faɗa, ba mu ji ba. Gobe sai gangara."

"Allah sarki," in ji Yaya Wafik. "Allah ya ji ƙansa."

Da safe ya fito da ƙarfensa. Na lura Suhail ya ɗaure igiya a jikin ƙofa, ya kuma sa wani ƙaramin dutse a gaban tayar can ɓangaren, yadda motar ba za ta motsa ba sai Nazih, da ya laɓe a wurin tun asuba, ya janye shi. Maƙwabta duk an gaya musu, sun fito sun tsaya kamar masu jiran gawa. Yaya Wafik ya tsuguna ya dafa dutsensa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe bai buga ba.

"Nazih, fito daga bayan tayar nan kafin ta taka ka. Tun ɗazu nake jin numfashinka."

Nazih ya fito yana karkaɗe wando.

"Suhail."

"Na'am, Yaya."

"Jiya da kake haurowa tana fito tun daga masallaci. Mataccen abu ba ya fito. Murɗa mukullin."

"Yaya, wallahi..."

"Kada ka rantse a kan ƙarfe. Murɗa."

Ya murɗa, ta tashi. Yaya Wafik ya ɗora tafinsa a kan bonat ya saurara, kansa a karkace, mu duka muna kallonsa. Suhail yana zaune a sitiyari hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Aikin ya yi kyau," in ji Yaya Wafik. "Baba bai taɓa jin ta da wannan murya ba. Ka riƙa ajiye ta a ƙasa, hauro da ita ɓarnar mai ce." Ya juyo inda yake zaton nake, ya kuskure kaɗan. "Nuhad, kama ni mu shiga. Gobe kuma kada ki tashe ni, ba inda za ni."

Na kama hannunsa, ban taɓa jin sa da sauƙin ja haka ba, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Ban tashe shi ba. Da na fito hura tanda, gari bai gama wayewa ba, na same shi a bakin ƙofa, ya sa riga, ya ɗaure takalma, ya juya kunnensa wajen ƙasan ƙauye. Can muka ji ta tashi, bugu ɗaya. Leɓensa ya motsa zai ce "Yanzu", amma bai bari maganar ta fito ba.