Jan Biro a Ajin Kurame

Su bakwai aka tura ƙasar waje su ga yadda mutanen can suke tafiyar da makarantunsu. Shida shugabannin makarantu ne, na bakwai kuwa Sifeto, shi aka ɗora a kan tawagar. Cikin shidan akwai wadda ake kira Malama Babba, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, wadda ba yawon buɗe ido ya fito da ita ba. A makarantarta akwai yara kurame goma sha ɗaya, suna zaune a bayan aji kamar kayan ajiya, babu malamin da ya iya magana da su. Ta sami labari cewa a can akwai wata malama da takan bar ƙasarsu ta yi zango guda tana koya wa malamai maganar hannu, kuma bana makaranta ɗaya tak za ta zaɓa. Wannan malamar ta zo nema.

Sifeto shi ya koyar da ita a aji uku, shi ya sa har yau “yarinya” yake ce mata, ko a gaban malamanta. Bai so a sa sunanta a tafiyar ba, an dai fi ƙarfinsa ne.

Kwana huɗu ana zagaya da su. Sun ga ɗakin karatun unguwa, sun ga lambun da tsofaffi da ’yan makaranta suke nomawa tare, sun ga rumfar da ake koya wa matasa gyaran keke. Duk inda aka shiga sai Sifeto ya goga yatsa a jikin taga ya duba ko da ƙura. Bai samu ba, abin ya dame shi.

Rana ta biyar, a cikin mota, ya juyo ya dube ta.

“Yarinya, wai har yanzu kina kan maganar kuramen nan? Masu kunne ma ba su ci jarrabawa ba.”

“Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.”

“Ni za ki yi wa karin magana? Ni da na koya miki riƙe fensir?”

Ta mayar da kallonta kan hanya. Mai nema ba ya fushi.

Suka isa makarantar da malamar kuramen take koyarwa. Ajin ƙarami ne. An jera kujeru tara kamar jinjirin wata don kowane yaro ya ga fuskar ɗan’uwansa, a saman ƙofa kuma akwai fitila mai walƙiya maimakon ƙararrawa. Malamar doguwa ce mai gajeren gashi, nan take ’yan tawaga suka laƙaba mata Doguwa. Tun a bakin ƙofa tafintan da aka haɗa su da shi ya ja musu kunne.

“Ku tsaya jikin bango. Kada kowa ya gifta tsakaninta da yaran, idonsu shi ne kunnensu.”

To amma hali zanen dutse ne. Shekara talatin Sifeto yana shiga aji iri ɗaya: ya ɗauki littattafan yara uku, ya ƙirga gyaran malami, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da kwanan wata. Doguwa tana tsakiyar darasi sai ga shi ya ratsa ta gabanta, hannu a baya. Ya ɗauki littafin wata yarinya mai tabarau, ya buɗe shafi bayan shafi, bai ga alamar gyara ba. Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya yi rubutu layi biyu, ya sa hannu. Yarinyar ta kama gefen littafin tana ja, ya nuna ta da yatsa har kusa da hanci.

Doguwa ta buga ƙafa a ƙasa, yaran duk suka ɗago. Ta karɓi littafin ta miƙa wa tafinta. Shi kuwa ya karanta kamar mai haɗiye ƙaya: “Malami ba ya gyara. Aiki bai gamsar ba.” Fuskar Doguwa ta yi ja, ta yi magana da sauri.

Tafinta ya ce, “Ta ce littafin wasiƙa ne, yaran suke rubuta wa iyayensu. Ko ita ba ta sa masa alƙalami. Ta ce wa ya ba ka izini?”

Sifeto ya ce, “Gaya mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.” Ya kai hannu kan littafi na biyu.

Malama Babba ta ga ruwa yana shirin ƙare wa ɗan kada. Ta taka har gabansa ta zare biron daga hannunsa.

“Malam, fita waje.”

“Me kika ce?”

“Nan ba ofishinka ba ne. Baƙo raɓa ne, ba ya rushe katangar mai gida. Fita.”

Sauran shugabannin biyar suka sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa. Sifeto ya dube su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɗago. Ya fita.

Bayan an tashi, Doguwa ta kira Malama Babba da tafinta ofis. Ba ta ba su wurin zama ba. Ta tambaye ta kuramen makarantarta su nawa ne, shekarunsu nawa, wa yake zama da su. Malama Babba ta faɗi gaskiya, har da cewa babbar cikinsu shekararta huɗu a makaranta ba ta iya rubuta sunanta ba. Doguwa ta zauna ta buga takarda biyu. Ɗaya ta amincewa ce za ta zo, sai dai tana buƙatar sa hannun shugaban tawaga. Ɗayar ta ƙara ce zuwa ma’aikatar su Sifeto, an maƙala mata hoton shafin nan, da sa hannun Sifeto da kwanan wata ɓaro-ɓaro.

Tafinta ya ce, “Ta ce ke kika san mutanenki. Wadda kika ga dama ki kai.”

Sifeto yana zaune a kujerar gaban mota, ya haɗe rai. Malama Babba ta hau ta tsaya a kansa.

Ya ce, “Ki sani, duk mai shiga makarantarki sai takardarsa ta biyo ta teburina. A can za ta tsufa.”

Ta ɗora takardun biyu a cinyarsa. Ya karanta ta farko ya yi tsaki. Ya karanta ta biyu, ya daɗe yana kallon hoton. Saura wata takwas ya yi ritaya, kuma bai taɓa samun ko takardar gargaɗi ba.

“Ni za ki yi wa haka? Ni da na raine ki?”

“Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa, Malam. Ban rubuta ba, kai ka rubuta.”

Ya karɓi alƙalamin direba ya sa hannu a ta farko, har takardar ta huje. Ta miƙa wa tafinta ya koma da ita ciki. Ta biyun kuwa ta ninke ta sa a jaka.

“Ba ni waccan.”

“Ranar da Doguwa ta gama zangonta ta hau jirgi, zan kawo maka har gida.”

Ya juya fuska wajen taga. “Daga yau ba ni ba ke, Hajiya. Ko gawata kada ki zo.”

Ta wuce can baya ta zauna ita kaɗai. Direba ya tayar da mota, don akwai sauran makaranta ɗaya da za su gani kafin azahar.