Likitan Kunne Na Fara Kai Ta

Ajiye jakar nan, Injiniya. Na ce ka ajiye! Ba inda yarinyar nan za ta, kuma kar ka ƙara ce mini shirme. Shirmen nan da ƙafata na je na samo shi, bene hawa uku, da wannan gwiwar da ka san halinta.

Na ji, takardar makaranta ta sake zuwa. Na gan ta, ai ba makauniya ba ce ni, karatu ne kawai ban iya ba. Shugabar makaranta ta ce in wata ya ƙare ba a ga canji ba, a nema wa Mazari wani wuri. Kai kuma ba za ka jira a kore ta ba, yau ɗin nan za ka kai ta gidan yayarka a gyara ta. Da me za a gyara ta? Da wayar caja? 'Ya'yan yayarka in ta yi tari miƙewa suke tsaye. Ni na haife ta, amma ko akuya ba zan ba ta riƙo ba.

Zauna. Kullum kana ƙorafi ba a gaya maka komai a gidanka. Yau zan gaya maka tun daga tushe, in za ka iya zaman.

Takarda ta farko matarka ce ta karanta mini, tana kuka. Malamar aji ta rubuta wai 'yarku ba ta ji. Washegari na kama hannun yarinya, sai asibiti, wajen likitan kunne. Yi dariyarka, matarka ma ta yi. Na san abin da malama take nufi sarai. Amma shekara biyu kuna dukan rashin ji bai fita ba, na ce bari in kai shi inda ake duba ji.

Likitan wani siriri ne mai sanƙo. Ya sa mata abu a kunne, ya ce duk sanda ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ta ɗaga, ta ɗaga, can sai ta ɗaga bai danna komai ba.

Ya ce, "Me kika ji?"

Ta ce, "Famfo yana ɗiga."

Famfon nan a ɗaki na gaba yake, Injiniya. Kafin mutumin ya rubuta layi biyu ta sauka daga kujera, ta ja durowarsa, ta tambaye shi wa ya aske masa tsakiyar kai ya bar gefe. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ce, "Mama, kunnenta ya fi nawa. Kullum haka take?"

Na ce tun tana rarrafe. Ai shi ya sa muke ce mata Mazari.

Ya ce, "To ba wajena za ku zo ba. Ku hau sama, ƙofar ƙarshe."

Muka kama hawan benen nan. Na ce shi ke nan, wajen masu taɓin hankali aka turo mu. Na tsaya sau biyu, ba don gwiwa kaɗai ba. Ashe mace ce a ɗakin, ba allura, ba komai, sai tambaya. Zuwa uku tana tambaya. Ta tambaye ni, ta tambayi matarka, ta kira malamar a waya ta tambaye ta. Sannan ta faɗi sunan abin da Turanci, wani suna kamar lambar mota. Na ce, "Likita, faɗa mini da bakin mutane."

Ta ce, "Mama, kin taɓa shiga kasuwa, mutum goma suna kiranki lokaci ɗaya? Haka aji yake a wajenta. Fanka, ƙarar alli, takalmin mai wucewa, duk suna kiranta, muryar malama ɗaya ce a cikinsu. Jikinta kuma ba ya jira ta yi shawara."

Na ce, "Ashe yawan ji ne."

Ta ce, "Riƙe shi a haka. Ba hauka ba ne, ba kuma laifin tarbiyya ba ne."

Bar kaɗa makullan nan, kana hawa mini kai.

Ta rubuto mini dokoki shafi guda. Na ce wannan sai dai in yi fifita da ita. Ta yi dariya, muka zauna muka mai da su marafan kwalba. Su ne ka gani a kwano ka ce na fara tara shara. Ja na goge baki, kore na kayan makaranta, fari na takalmi, har biyar. In Mazari ta gama ɗaya, ta jefa murfinsa a wancan kwanon ta ji ƙararsa. In zan aike ta, sai na dafa kafaɗarta ta kalle ni, in faɗi abu ɗaya tak, ta maimaita. Aikin gida minti goma, ta tashi ta zaga tsakar gida sau uku, ta dawo. In ta yi daidai kuma a faɗa mata nan take. Wannan shi ya fi ba ni wuya, mu ba a yabe mu ba muka girma. Maganar magani ta ce tana nan, amma sai ta zauna da iyaye. Iyaye, ta ce. Sau huɗu tana tambayata ina uban.

Ban ce maka ta warke ba. Likita ma ta ce ba ciwon warkewa ba ne, koyon zama da shi ake yi. Shekaranjiya da takalmi ɗaya ta dawo. Amma sati uku ke nan ba a rufe mata ƙofar makaranta don makara ba, ka lura? Ina za ka lura.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Ran nan ina taje mata kai ta ce, "Kaka, in kaina ne ya lalace, Baba ba zai iya gyarawa ba? Ai yana gyara fanka." Shekararta takwas. Ka kai ta gidan yayarka da ke bakin babban titi, ƙofa a buɗe, a daka ta sau ɗaya ta fita a guje. Yarinyar da ba ta duba hagu ba ta duba dama. Kai kana kan tsani kana ɗaura waya, ni za a zo a gaya wa.

Ta fita ta taga, eh, na sani, shi ne abin da ke cikin takardar yau. Kyanwa ta gani ta bi. To wa ya bar ta a bakin taga? Likita ta rubuta wa shugabar makaranta wasiƙa da hatimi, a dawo da ita layin gaba nesa da taga, a riƙa aikenta goge allo in zama ya ishe ta. Ka ce makarantar ba ta damu ba, ko amsa ba su bayar ba. Haka ka ce, ko?

Miƙo jakar aikinka. A'a, waccan, mai filaya. Aljihun gefe, ƙarƙashin salatif. Ciro.

Sati uku wasiƙar nan tana jakarka, Injiniya. A hannunka na sa ta, ka ce hanyarka ce. Jiya na gan ta ina neman almakashina, wanda shi ma ka ara tun bara.

Kar ka ce mini aiki ne ya yi yawa. Kana shekara tara na aike ka sayen ashana, ka dawo da ɗan tsako, ba ashana. Ubanka ya karya tsintsiya nawa a bayanka? Ga ka nan da furfura a gemu, bai fita ba. Tun da na fara magana sau uku ka miƙe, kuma babur ɗinka yana can waje a kunne, ina jin sa.

Likita ta tambaye ni ko akwai mai irin halin a dangi, wai yakan bi jini. Na ce babu, na rufa maka asiri. To mai da kayan yarinyar nan inda ka ɗebo su. Gobe da safe wasiƙa ta isa makaranta, ina biye da kai. Laraba ƙarfe goma kuma, kujera biyu ce a gaban teburin likita. Kar mantuwa ta dame ka, na ware maka murfi ɗaya.