Wayar Gida a Motar Abang Zul

Shekara talatin Abang Zul, mijin yayata, ya yi yana wayarin ɗin gidaje a Klang, kuma wannan ce ta cuce shi. Mutumin da bai taɓa ƙona gida ba, wa ya isa ya gaya masa magana a kan waya?

Da likita ya sallamo yayar tawa, Kak Salmiah, da na'urar iskar numfashi, ya ce a je gida a yi ta addu'a, abu ɗaya ta roƙa: a kai ta garinmu Besut ta ga kabarin mahaifiyarmu, ta ji ƙamshin teku. Tafiyar awa bakwai ce, ita ba ta iya zama, na'urar kuma ba a kashe ta. Sai Abang Zul ya cire kujerun tsohuwar motarsa, ya kafa gado, ya ɗora farantan sola biyu a rufi, ya cusa batir da inbata ƙarƙashin gadon. Ya kira ni in zo in yaba.

Ni wutar jiragen kamun kifi nake gyarawa. Ina leƙawa ƙarƙashin gadon gabana ya faɗi. Siririyar wayar gida ya ja daga batir zuwa inbata, ya murɗa bakin, ya naɗe da salatif. Ko fiyus babu.

"Abang, wannan fa?"

"Wayar soket ce. Ta ɗauki dutsen guga, ƴar na'urar nan ce za ta gagare ta?"

"A gida ke nan. Nan bolt goma sha biyu ne, wutar da za ta bi ta cikinta ta ninka ta gida sau ashirin. Ga katifa a sama, ga iskar asibiti. Gasa min yaya za ka yi?"

"Kai Sabri, ina haɗa wuta kana yawo ba wando."

"To yanzu na sa wandon."

Daga ɗaki Kak Salmiah ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ku biyun nan, ko a lahira sai an raba muku layi."

Na tsinke wayar da hannuna, na zare makullin motar na jefa aljihu. Waya mai kauri ina da ita a shago, amma fiyus ɗin da ya dace da irin wannan batir sai an aiko daga Penang, kwana biyar. Na zauna na zana komai a takarda, inda kowace waya za ta bi, inda makunni zai zauna, har da lissafin ranakun hadari da sola ba ta kawo komai. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba.

Da zan tafi ta riƙe hannuna. "Bri, kwana biyar ba yawa?"

"Sauri kan haifi nawa, Kak. Ki bari in kai ki lafiya."

"To, ka taho min da budu, miyar kifin nan ta garinmu, in ka dawo, bakina ba ɗanɗano."

Rana ta huɗu da hantsi ta cika. Kafin la'asar mun rufe ta a Klang, cikin mutanen da ba ta sani ba. Fiyus ya iso washegari.

Bayan addu'ar bakwai na ja motar zuwa shagona. Na fitar da katifa, na mayar da wayar Abang Zul yadda ya haɗa ta, na kunna na'urar, na zauna da abin kashe gobara a cinya. Allah ya sani so nake ta kama da wuta. Awa ɗaya, awa uku, waya ta yi zafin da ba a taɓawa, robarta ta yi laushi tana wari. Na ce a raina, a titi da ramuka da girgiza ai da ta tsinke, kuma har yau na yarda da haka. Amma awa bakwai ta cika, na'urar tana ta hura iska, waya ba ta kama ba. Na kashe, na zauna na yi kuka irin wanda ban yi a maƙabarta ba.

Da na mayar masa da makulli ya ga baƙin salatif a yatsuna. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ka gwada ta ke nan."

"Na gwada."

"Ta ƙone?"

Ya rame, hular kansa ma ta yi masa yawa. Ban san wace amsa yake so ba, na dai san wadda zan iya faɗa.

"Ta ƙone, Abang. Ko Karak da ke farkon hanya ba za ku kai ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Sabri."