Shanyar Namadi a Kan Kwano

Namadi dillalin shinkafa ya shekara ashirin yana zille wa 'yan kwastan tsakanin Bagudo da iyakar Benin, don haka ba 'yar na'urar awon suga ce za ta gagare shi ba. Matarsa Barira ta kafa doka: in lamba ta haura, ba shayi, ba fanke. Gogan naka kuwa ya gano lagon abin. Sinadarin da ke kan tsinken awon, mai ɗanɗana sugan jini, ba ya jure zafi. Sai ya riƙa shanya tsinkayen a kan kwanon ɗaki kamar kuɓewa. Da safe lamba ta fito sumul, ya antaya suga cokali huɗu a kofin shayi. Gyambon da ke babban yatsan ƙafarsa kuwa, ya ce ai takalmi ne.

Ana haka 'yarsa Mashkura ta dawo daga jami'a da tsinkayen da ta shekara uku tana haɗawa.

"Baba, sinadarin na ɗaure shi ga wasu 'yan ƙwayoyin roba da ido bai gani, kamar akuya ga turke. Ina fatan zafi bai kashe shi, amma ban gwada ba tukuna."

"Allah shi yi albarka, ɗiyata," in ji Namadi. Tana ba da baya ya kwashi tsinkayenta ya haye tsani. Kwana uku ya saba yi wa na kemis, waɗannan ya ƙara musu ɗaya, tunda 'yan boko ne.

Ranar awo ta tsira masa allura a yatsa. Lamba ta fito ɗari huɗu da goma.

Namadi ya zabura. "Ƙarya ta! Wanga abu ya lalace, kwana huɗu hwa ya yi bisa kwano!"

Barira ta saki salati. Mashkura kuwa ta daka tsalle. "Kwana huɗu cikin rana? Inna, ya yi! Wallahi ya yi!"

Sai ta sake duban lambar, murna ta koma ciki. Tsoro ya kama ta.

"Baba, tun yaushe kaka shanya na kemis?"

"Tun bara," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta durƙusa ta zare masa takalmi. Yatsan ya yi baƙi har gindi.

"Inna, kira mai mota."

Namadi ya buɗe baki zai ce takalmi ne, ya ga hawayenta na ɗiga a kan ƙafarsa, ya rufe.