Inda Magazine Ta Samo Asali

Auta na gama rubuta kalmar a allo, gumi ya karyo wa Kamus. Magazine. Duk yawan kalmomin Turanci, ita 'yarsa ta zaɓa a ranar jarrabawarta ta ƙarshe ta koyarwa.

Yana takure a bencin baya, gwiwoyinsa na gugar tebur, don ita ta nace sai ya zo. A gefensa jami'ar da za ta ba da maki ce, tabarau a karan hanci. In ta ce an faɗi, sai Auta ta maimaita shekara guda cur.

Shekara talatin ya yi yana jera haruffa a maɗaba'a. A can aka laƙaba masa Kamus, don ba a taɓa tambayarsa kalma ya ce bai sani ba. Wadda ya sani ya faɗa, wadda bai sani ba ya ɗinka mata riga nan take.

"Ma'anarta uku," in ji Auta. "Mujalla, rumbun ajiya, da gidan harsashin bindiga."

Jami'ar ta gyaɗa kai. Kamus ya shiga addu'ar Allah Ya sa a buga ƙararrawa.

"Asalinta kuwa, wata Baturiya ce mai suna Magi Zin, mai sayar da jarida a tashar jirgin ƙasa. Ranar da ruwan sama ya jiƙa mata kaya, sai ta ɗinke takardun da suka tsira..."

Ko waƙafi ba ta canza ba. Haka ya shirya mata labarin tana 'yar shekara tara, rannan da ta tsare shi da tambaya yana tsakar cin abinci.

Biron jami'ar ya tsaya. "Malama, a wane littafi kika karanta wannan?"

"Ai ya fi littafi," Auta ta amsa da fara'a, ta ɗaga hannu za ta nuna bayan aji.

"Ki ajiye alli. Kalmar nan daga Larabci ta fito, makhzan, wurin ajiya. Mai koyar da tatsuniya da sunan ilimi ba na sa mata hannu."

Hannun Auta ya sauka a hankali. Ba ta nuna kowa ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kuskurena ne."

Wannan ne ya tashe shi tsaye, har benci ya kife.

"Ranki ya daɗe, ba a littafi ta gani ba. A bakina ta ji. Babu wata Magi, babu tasha, ko ruwan ma ba a yi ba. Ni na ƙirƙira."

Wata ɗaliba ta ce, "Ashe ma ba ta jiƙe ba!" Aji ya kece da dariya. Kamus ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Jami'ar ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. "Baba, me ya kai ka?"

"Yarinya ce ta tambaye ni. Na ji nauyin in ce ban sani ba."

Ta rufe fayil. "Gobe ƙarfe takwas, Malama. Sabuwar kalma, kuma ki zo da littafin da kika samo ta. Mai shafi."

A bakin titi suka tsaya jiran mota, ba mai duban wani. Can Auta ta zaro littafin da ta shirya darussanta a ciki, mai kauri kamar bulo, ta miƙa masa.

"Baba, duk daga bakinka na kwashe su. Ka naɗe mini gefen duk shafin da ba gaskiya ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Shafin farko ya tsallake shi, har ya ɗan saki numfashi. Ya naɗe na biyu. Ya naɗe na uku.

Mota ta zo ta yi ham, ta gaji ta wuce, yana nan yana naɗewa.