Kwatamin Inna Hajjo

Mode marini mutum ne mai hanci, kuma hancin ne ya ci shi. Ramin rininsa guda a Ƙofar Rini, gadon uba, shi yake ci da gidansa. Sama da shi kaɗan akwai rumfar Inna Hajjo, mai sayar wa fatake tuwo da ragadada, a bayan rumfar kuwa kwataminta ne, ramin da ruwan wanke-wanke yake taruwa. Takan shimfiɗa kara a bakinsa ya tare ƙashi da tsaki, maiƙo ya taso sama ya daskare, ta kwashe da sakaina ta yi sabulu da shi. In rana ta take, warin sai ya sauko marina.

Mode ya yi magana har ya gaji, ita kuwa amsarta guda ce.

"Mode, kwatamin ga shi ka tsare ka."

Wannan magana ita ta fi ƙona masa rai. Shi da ake kawo wa rini daga Gwandu, ramin ƙazanta ne zai tsare shi?

Lokacin Nasara ba su daɗe da cin gari ba, sun fito da duba-gari, masu bin gidaje suna leƙa tulu da randa don sauro. Mutane ɓoye musu suke yi, ba wanda yake kai maƙwabcinsa. Mode ya kai. Da ƙafarsa ya je, ya jawo duba-gari har bayan rumfar, ya tsaya yana toshe hanci kamar shi ba a cikin warin baban rini ya girma ba. Aka ce a cike kwatamin yau, a ja lambatu ruwa ya wuce, in aka sake haƙawa a tashi rumfar. Hajjo ta cike da hannunta, ba ta ko dube shi ba. Unguwa ta daina amsa gaisuwarsa da daɗi, bai damu ba.

Ruwa dai gangare yake bi, gangaren kuwa marina ne. Ruwan farko na damina ya kwaso maiƙon da ya taru a lambatu, ya tsallake ɗan tudun bakin ramin Mode. Da safe Mode ya zura muciya, ya ga kitse fari-fari yana yawo a kan baba. Ya tsoma ƙyalle, ya fito dabbare-dabbare. Ya kwashe ramin, ya sake haɗi da sabon baba da toka, rini ya ƙi kamawa. Maiƙo ya riga ya shiga jikin ramin. Masu kawo zane suka fara wuce shi zuwa ramin gaba.

Ya hau rumfar yana huci, hannuwa shuɗi.

"Inna, kin kashe min rami! Ki maida kwataminki."

"In maida a tashe ni? Kai kak kawo su, tahi ka hwaɗa musu."

Ya je. Duba-gari ya ce doka ba ta komawa, ba a haƙa rami a bakin hanya. Cikin gida kuwa, in da murfi, babu ruwansa. Hajjo ba ta da fili. Gidan da yake tsakanin rumfarta da marina guda ne, na Mode.

Ya yi zagi, ya yi rantsuwa, ya ce gara ya bar rini. Amma yara ba sa cin rantsuwa. Ya ɗauki magirbi ya fasa gindin katangarsa, ya haƙa kwatami a tsakar gidansa, dab da inda yake shimfiɗa tabarma.

Ran da ruwan wanke-wanken ya fara shigowa, Hajjo ta aiko masa da sakainarta da damin kara, ta ce ya riƙa kwashewa kafin rana ta yi zafi. Sabulun kuma, ta ce, nata ne.